Mayafi Ruwan Ɗorawa

Wuya na fara gani. Wuyan mace ne da aka ja da gawayi a jikin farin bango, ba fuska, ba ido, ya ɗan karkata hagu kamar na mai sauraron takun wanda take jira. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo har sai da ƙawata ta zungure ni ta ce, "Ke, shiga mana, kin tare wa mutane hanya."

Gidan abincin yana unguwar Ƙofar Ƙaura, cikin wani lungu bayan masu gyaran babur. Asalinsa shagon wani mai zane ne, irin masu rubuta allunan shaguna da yi wa bayan manyan motoci ado. Da injinan buga hotuna suka cika gari aikinsa ya ja baya, sai yayarsa, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, ta ce ya ba ta rabin wurin ta riƙa dafa abinci. Suka kafa rumfa a tsakar gidan da ke baya, suka jera benci. Idan ka shiga, warin fenti ne zai fara tarbarka, sannan ƙamshin wake da shinkafa da mai da yaji ya biyo baya. Ba wanda ya shirya wurin ya zama majalisa. Abokan mai zanen ne suka fara zama, su ma suka jawo nasu, har ya kasance duk yammacin Asabar za ka tarar da marubuta da mawaƙa da masu ɗaukar hoto, kowa da kwanonsa a gaba, ana musu. Ita kowa Yaya yake ce mata. Shi kuma Mai Zane.

Ni a lokacin na gama sakandare ina aikin buga takardu a wani shago. Littattafan soyayya ne suka raine ni. Na karanta su a ƙarƙashin tebur a aji, na karanta su a madafa har tuwo ya kama, da hayar littattafan ta yi wuya na koma karanta su a waya. Daga baya na fara rubuta nawa. Ƙawata mai zanen lalle ce, ta san 'yan wurin, ita ta ce in zo in karanta musu. Akwai bencin mata kusa da ƙofa, an rataya asabari da ake naɗewa rabi, nan muke zama.

Bangon rumfar cike yake da mutane, kuma dukansu sun juya baya. Ƙawata ta ba ni labarin. Mahaifin Mai Zane malamin zaure ne, ya daɗe ba ya son sana'ar ɗansa, daga ƙarshe suka daidaita a kan ya zana abin da ya ga dama amma ban da fuska. Shi ya sa ya ƙware a ƙeya. Yana zana mutum ta karin hularsa, da faɗin kafaɗarsa, da yadda yake ranƙwafawa kan kwano. Ba ya taɓa faɗin wanda yake zanawa. Sai ranar da ya gama, ya wanke burushinsa a gaban jama'a, mai bayan ya tashi da kansa ya tsaya kusa da zanen, ya juya wa mutane baya. Idan ya dace sai a ce, "Ya zauna!" Yaya ta ƙara masa nama. Idan bai dace ba a yi masa ihu ya koma bencinsa. Karɓar baya suke ce wa abin. Akwai wani mai shirya wasan barkwanci a waya, Darakta suke kiransa, shi kowane baya sai ya tashi ya karɓa. An ce har da na wani rago da aka zana lokacin layya.

Duk bangon maza ne. Wannan wuyan da na gani shi ne mace ta farko.

Mai Zane bai yi kama da jaruman littattafaina ba. Gajere ne, kullum da fenti a farcensa, babur ɗinsa sai an tura. Amma ba ya magana, kuma ni na san irin mazan nan. Miskili ne. A duk littafin da na karanta, miskili shi ne wanda so ya fi ci, ba ya furtawa, sai dai ya nuna ta wata hanya da mai hankali kaɗai za ta gane.

Sai ranar da zan fara karanta musu labarina ta zo. Ban kai ƙarshen babin ba Darakta ya ɗaga cokali.

"Malama, tambaya gare ni. Shi wannan jarumin naki ba shi zuwa aiki? Tun da kika fara shina jingine da mota."

"Mai kuɗi ne," in ji wani mawaƙi.

"To ko mai kuɗi ai ƙafa na gajiya. Ki ba shi kujera don Allah."

Aka kwashe da dariya. Na ji kamar in naɗe takarduna in gudu. Mai Zane yana kan tsani yana aikin wuyan nan, bai ko waiwayo ba ya ce, "Ku bar ta ta ƙarasa." Aka yi shiru na ƙarasa. Na koma gida ina juya kalmomin nan a raina kamar alewa a baki.

Daga nan ban ƙara fashin Asabar ba, wani lokacin har tsakiyar mako nakan biya idan na tashi aiki. Na lura yana yawan ɗagowa ya dubi wajen ƙofa, ya daɗe, sannan ya koma kan bango. Ni ce a wajen ƙofa. Zanen yana ta fitowa a hankali: siririyar kafaɗa, ƙugu, zama irin na wadda ta tattara ƙafafunta gefe guda. Ni ma siririya ce. Na je gida na haɗa madubin ɗakinmu da ƙaramin na jaka don in ga ƙeyata, na ga ba laifi, akwai kama.

Sai ya sa mata mayafi, ruwan ɗorawa mai baƙin baki. A nan ya kamata in farka, don ban taɓa mallakar irinsa ba. Amma na zauna na yi lissafi irin nawa, na gane ba abin da nake sawa yake zanawa ba, abin da yake so ya gan ni a ciki yake zanawa. Washegari na shiga kasuwa. Na zaga rumfunan masu mayafai har ƙafata ta yi ƙura kafin in samu. Mai rumfar ma cewa ya yi, "Hajiya, wannan ai yayinsa ya wuce, ga sababbi." Na ce shi nake so.

Da na shigo da shi Asabar ɗin da ta biyo, Darakta ya dube ni, ya dubi bango, ya buɗe baki, sai Yaya ta dangwara masa kwano a gaba ta ce, "Ci." Ya ci. Ni kuwa na zauna, na tattara ƙafafuna gefe guda, na karkata wuya hagu.

Can Mai Zane ya sauko daga tsani, ya tsaya yana kallona. Bai taɓa yi mini magana ni kaɗai ba sai ranar.

"Malama, don Allah ɗan juya haka. Yauwa. Kada ki motsa."

Ban motsa ba. Ina jin idonsa a kafaɗata, ina jin ƙarar burushi a bango. Ƙafata ta yi sanyi, wuyana ya ƙage, ban damu ba. Da ya gama ya ce, "Madalla, na gode," ya ci gaba da aikinsa. A hanyar gida na ce wa ƙawata, "Kin gani?"

"Na ga ya ce ki juya."

"Wa ya taɓa ce wa ta juya?"

"Ke dai kina da saurin hawa. Mutumin nan ko sunanki ban tabbata ya riƙe ba."

"Ba ki san miskilai ba."

"Na san mai zane. Ni ma in ina lalle hannu nake gani, ba na ganin mai hannun."

Na ce hassada ce, a raina. Na ci gaba da zaman nan nawa kowace Asabar, har ya zame mini jiki, a shagon aiki ma sai in tsinci kaina a karkace gaban na'ura. Wata rana Yaya ta kawo mana fura ta tsaya ta dube ni.

"Ƙanwata, wuyan nan lafiya? Ko kwanciya kika yi a kansa?"

"Lafiya lau, Yaya."

"In ya dame ki akwai man zafi a ciki."

Ta ɗan jima a tsaye kamar za ta ƙara wata magana, sai aka kira ta daga madafa.

Labari ya zaga cewa Asabar mai zuwa za a karɓi baya. Na sa ƙawata ta yi mini lalle ja da baƙi, tana yi tana tsaki. Na goge mayafin. Na riga na tsara yadda abin zai kasance: zan tashi a hankali, za a ce ya zauna, shi kuma zai sunkuyar da kai yana murmushin da bai taɓa yi wa kowa ba. Har abin da zan ce wa mahaifiyata idan manyansa suka zo na tanada.

Bayan la'asar rumfar ta cika, har da waɗanda ba su cika zuwa ba. Mai Zane ya jawo gwangwanin kananzir ya wanke burushinsa ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan tsumma. Kowa ya dubi Darakta. Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "A'a, wannan ta fi ƙarfina. Ina da iyali." Aka yi dariya, aka yi shiru, ana jira. Na saci kallon Mai Zane na ga ƙofa yake kallo, yana ɗan leƙa lungu. Na ce kunya ce ta hana shi dubana. Ƙawata ta damƙe gefen zanena ta ce a hankali, "Ki zauna." Na fizge.

Na ratsa tsakanin bencina na isa bangon, na juya wa jama'a baya, na karkata wuya.

Ban taɓa zuwa kusa da zanen haka ba. Kullum daga bencin mata nake hango shi. Yanzu da hancina ya kusa taɓa fentin sai na ga abubuwan da ban sani ba. A wuyan akwai siraran layuka a kwance, irin na fatar da ta ga shekaru. Hannun da ya leƙo daga mayafin jijiyoyi ne a kansa. Abin da ke gefenta a ƙasa, wanda na ɗauka matashin jingina ne, ƙwarya ce an rufe ta da faifai.

Bayana tsit. Ba wanda ya ce ya zauna, ba wanda ya yi ihu. Da an yi ihun ma da ya fi mini. Ina jin tafasar tukunya daga madafa, da wani yana gyara murya.

Sai aka yi sallama daga ƙofa, muryar tsohuwa.

"Ɗan nan, ga ni. Ka ce in taho da la'asar, na taho. Mi za a yi? Ka san motar Batagarawa ba ta jiran kowa."

Na waiwaya ta kan kafaɗa. Tsohuwar da ke kawo wa Yaya fura da nono ce. Da hantsi take zuwa, shi ya sa ban cika haɗuwa da ita a wurin ba, amma na sha wuce ta a titi, na kuma sha furarta ba adadi. Ta sauke ƙwaryarta, ta ɗauke gammon da ke kanta ta warware shi. Mayafi ne, ruwan ɗorawa mai baƙin baki, ya koɗe. Ta yafa, ta zauna a kan dokin ƙofa tana kallon lungu, inda ashe take zama kullum tana jiran a juye mata kaya a wanke ƙwarya. Ta tattara ƙafafunta gefe guda. Wuyanta ya tafi hagu da kansa.

Wani daga baya ya ce, "Ya zauna," a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Sai sauran suka ɗauka.

Na mayar da fuskata bango, don ban san inda zan kai ta ba. Ina nan tsaye Mai Zane ya kamo hannun tsohuwar ya kawo ta ya nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ikon Allah. Har da ƙwaryar." Sannan ta lura da ni a gefenta, da mayafina sabo fil irin nata, da wuyana da na manta ban miƙe ba.

"Wagga ɗiya hwa? Ita ma ciwon wuyan gare ta? Allah sarki, da ƙuruciyarki. Ni kaya suka yi mani haka, shekara da shekaru. Ɗiyata, ki rage ɗaukar kaya."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Dariyar da aka danne ta ɓalle, har da masu buga benci. Mai Zane ya rikice, ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce wa jama'a, "A'a, ku tsaya. Ai ta taimaka. Ninkin mayafin nan na kafaɗa nata ne, shi na duba."

"To Yaya, a raba naman!" in ji Darakta. "Inna ta ɗauki tsoka, Malama ta ɗauki na ninki."

Ban san yadda zan yi in juyo ba. Tsakanina da ƙofa akwai fuskoki da yawa, kuma duk na san su. Sai na ji muryar Yaya daga madafa, da ƙarfi, irin wadda take kiran masu wanke-wanke da ita.

"Ke ƙanwata! Kin tsaya nan, zo ki kama mini aiki, hannuna biyu ne."

Ƙofar madafar tana jikin bangon, taku kaɗan. Na bi ta gefe na shige ba tare da na kalli kowa ba. Ta zaunar da ni a kan turmi, ta ajiye mini tire da wuƙa da albasa cike da roba.

"Ƙanana nake so."

Na fara yanka. Hawaye suka zo, na bar su. Wata mai taya ta aiki ta leƙo, Yaya ta ce, "Albasar bana zafi gare ta," ta tura ta kai abinci. Na yanka albasar da ta fi ƙarfin girkin ranar, lallen hannuna yana ta wari. Yaya tana juya miya, ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Shi ƙanen nan nawa, ni da muka fito ciki ɗaya sai na yi magana na sake yi kafin ya san ina ɗakin." Daga baya kuma ta ce, "Na so in gaya miki. Na rasa ta inda zan fara." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kafin magariba ta zuba mini abinci a kula, ta buɗe mini ƙofar baya da ke fita wani lungun.

Washegari ƙawata ta zo gidanmu. Ta ce Darakta ya ɗauki abin duka a wayarsa, tun daga tashina. Hankalina ya tashi, don na san inda hotunansa suke zuwa, na kuma san yayyena maza suna kallonsu. Ta ce in kwantar da hankalina. Wai bayan na shige, Yaya ta fito ta ce ya ba ta ta gani ita ma ta yi dariya. Da ya miƙa mata sai ta wuce da wayar madafa ta riƙe ta a saman tukunyar mai, ta ce ya zaɓa. A gabanta ya goge, ta sa mai ɗaukar hoto ya duba ya tabbatar.

"An gama maganar," in ji ƙawata. "Jibi ma wani zai yi nasa abin dariyar. Ki zo Asabar."

Ban je ba. Rashin son da bai yi mini ba bai daɗe yana damuna ba, don da na duba da kyau ban san komai game da shi ba in ban da ƙeyarsa a kan tsani. Abin da ya hana ni komawa shi ne makonnin da suka gabata. Duk wanda ke rumfar nan ya san mai furar, ya san mayafinta. Sun gan ni na shigo da nawa, sun gan ni ina tattara ƙafa ina karkata wuya Asabar bayan Asabar, suna cin abincinsu. Idan na tuna wannan, ko ina tsakiyar aiki ne, sai na ji fuskata ta ɗau zafi, wani lokacin har wata ƙaramar ƙara ta kuɓuce mini, a tambaye ni mene ne in ce ba komai. Na daina bin lungun. Idan zan je wajen Ƙofar Ƙaura nakan sa mai adaidaita ya zaga. Labarin da nake rubutawa ya tsaya inda na karanta musu, don can ne kaɗai ake saurarona, har ba'ar Darakta ma sauraro ce. Na san ba wanda ya kore ni.

Yaya ta yi ta aiko mini da gaisuwa ta bakin ƙawata, ina cewa ina amsawa. Bayan wasu shekaru mai gidan ya sayar da wurin, majalisar ta watse. Ita ba ta tsaya ba. Ta kama ɗaki kusa da unguwar manya ta GRA tana kai wa ma'aikatan ofisoshi abincin rana, daga nan ta shiga girkin biki da suna, har ta ɗauki mata da yawa aiki. Ta aurar da 'ya'yanta, ta sauke farali, yanzu Hajiya ake ce mata, ko da yake tsofaffin abokan cinikinta ba su daina cewa Yaya ba. Hayaƙin itace ya taɓa mata ido, likita ya hana ta tsayuwa gaban wuta. Bara na hango ta a wani biki, ta yi ƙiba, tana zaune a kujerar roba a inuwar darbejiya da baƙin tabarau, manyan tukwane jere a gabanta. Ba a sauke ko ɗaya sai an kawo mata a cokali ta ɗanɗana. Ina kallo ta mayar da wata yarinya har sau biyu a kan gishiri.